Yadda Hajje Kaltuma Ta Koyi Tsayar da Likita

Ba a rufa wata sai wani yaro ya tsallako gadar Ngeli da jaka a kafaɗa da takardar makaranta a cikin leda, ya zo unguwar Mursal a nan Injamena yana tambayar inda ake neman malamin Turanci. An gaya masa a Maiduguri ko a Kano cewa mutanen Cadi ba sa jin harshen, kuma suna biya. Duka gaskiya ne. Abin da ba a gaya masa ba, iya harshe daban, sa shi a bakin wani daban. Da irin waɗannan yara nake magana. Ku fara da gyara bakinku: a nan in kun ce Turanci, na Faransa za a ɗauka. Namu Ingilishi ake ce masa.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Haifaffen Haɗeja ne ni. Ingilishina a Legas na same shi, a gidan wasu Indiyawa masu kamfanin roba. Na fara da gadi, na koma kicin, na ƙare da tuƙa matar gidan kasuwa da asibiti. Da kamfanin ya rufe na koma Baga ina harkar bandar kifi. Ranar da aka kawo wa garin hari na fita ta ruwa. Ni da rigar jikina muka iso Injamena. Sauran ba na wannan labarin ba ne.

Wani mai walda a unguwar Shagwa, Usman, shi ya ba ni tabarma a bayan shagonsa. Da safe in share masa gaban shago, in ɗebo ruwa, sannan in zauna ina kallon gari. Ban taɓa ganin mutane masu haƙuri da gaisuwa irin na nan ba. Mutum biyu za su tsaya a tsakiyar titi suna afe, afe, ɗan babur yana kewaya su, ba wanda ya ɗaga murya. Shayinsu a ɗan ƙaramin gilashi, sukari har ya kai rabi. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kore ni. Sun ji Baga, suka sa mini Ɗan Baga, suka miƙo mini wainarsu mai faɗi da suke ce wa kisar, da miya. Wannan na riƙe musu shi har yau.

Aikin farko da na samu gadi ne a wata makarantar Ingilishi mai ɗaki biyu a bayan kasuwar Mursal. Mai ita Mista Tabi, mutumin Bamenda, gajere, kullum da laktaye ko da zafin Afrilu ne. Na ga malamai daga baya, ban ga kamarsa ba. Ɗalibi zai yi kuskure ɗaya sau ashirin, Mista Tabi zai gyara na ashirin ɗin da murya irin ta farko.

Wata rana wani Alhaji mai zuwa Dubai sayen wayoyi ya fito daga aji ya tsaya a bakin ƙofa yana gumi. Ya ce mini da Hausa ya iya rubuta komai, amma in ya tsaya gaban mai kaya sai harshensa ya mutu. Na ɗauki takalmina na ce masa, "To ga kaya, ni ne mai shago. Taya." Muka yi ciniki da Ingilishi har ya yi fushi ya tafi, na kira shi ya dawo. Ashe Mista Tabi yana bayan taga.

Da Alhajin ya tafi ya ce mini, "Idi, gobe za ka shiga ɗakin can."

Na ce, "Oga, ban iya rubutu ba."

Ya ce, "Rubutu nawa ne. Ka ji na ce ka taɓa mini allo?"

Haka na zama Mushe, kamar yadda suke kiran malamin boko a nan. Ya zauna a bayan ajina har damina ta wuce, bai taɓa katse ni a gaban ɗalibai ba. Sai an tashi ya kira ni. Kwanakin farko magana ɗaya yake yi mini, wai na cika surutu. Ya ce kuɗin da suke biya na bakinsu ne, ba na nawa ba. Ya koya mini in yi tambaya in rufe baki, in jira, ko da shirun zai yi nauyi har fanka kaɗai ake ji. Ya koya mini kada in gyara mutum yana tsakiyar magana. Ya koya mini kada in yi wa dattijo dariya a gaban yaron shagonsa. Waɗannan sun fi mini duk Ingilishin da na kwaso a Legas wahalar koyo.

Kayan aikina buhu ɗaya ne. A ciki akwai kwalbar magani, cokali, kofi, agogon bango da ya mutu, makulli, tsohuwar waya, da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da mutum ya riƙe a hannu ya kira sunansa, ba ya mantawa. Bayan buhu sai ƙafafuna. Shi ma Mista Tabi ne ya kawo shawarar. Ya ga ban san ko'ina ba sai Shagwa da Mursal, ya ce, "Kai ba ka san gari ba, su ba su san harshe ba. Ku yi musaya."

Muka sa doka. In mun fita ba Larabci, ba Hausa, ba nuni da yatsa. Inda bakin ɗalibi ya tura ni nan nake zuwa, ko da na ga kwata a gabana. Wani mai sayar da taya ya taɓa cewa hagu yana nufin dama, na shige kai tsaye gidan wasu 'yan ƙabilar Sara ana bikin suna. Suka ɗauka baƙi ne, suka zaunar da mu, aka kawo shinkafa. Mutumin nan bai sake haɗa hagu da dama ba. Ta haka na san garin. Ɗalibai suka kai ni babbar kasuwa, suka kai ni inda ake gasa naman raƙumi, suka kai ni bakin kogin Shari inda masu wanki ke shimfiɗa kaya a kan yashi, muka tsaya muna kallon dorina tana fito da hanci. Kowane lungu na garin nan, ina iya tuna wanda ya kai ni da irin gurguwar maganar da ya kai ni da ita.

Shekarar da cuta ta sa aka rufe iyaka, jirage suka tsaya, ita ce muguwar shekararmu. Wanda ba zai yi tafiya ba, ba ruwansa da Ingilishi. Ajin ya zama fayau. Mista Tabi ya sayar da bencunan aji, ya sayar da fanka. Ni na koma lodin yashi a Gassi, can ƙarshen gari, inda ake ta gine-gine. Amma duk safiyar da na biyo ta Mursal sai in tarar ya buɗe ƙofa, ya share, ya ɗaura laktaye, yana zaune a kan bulo. Na ce, "Oga, wa kake jira?" Ya ce in mutum ya zo ya tarar a rufe, ba zai sake zuwa ba. Ku da kuke ganin aikin nan zaman inuwa ne, ku san akwai irin wannan shekara, kuma za ta sake zuwa.

Bayan an buɗe hanya ne Hajje Kaltuma ta zo. Dattijuwa ce mai sayar da turaren wuta da laffaya a babbar kasuwa. Kakanninta Katsinawa ne, sun taso za su Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare a nan, suka zauna. Hausarta irin ta tsofaffi, rabi Larabci. Ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta ba kewaye-kewaye. 'Yarta Zara, amarya ce ko shekara biyu ba ta yi da aure ba, tana da ciwon zuciya tun tana ƙarama. Yanzu ko tsakar gida ba ta iya tsallakawa sai ta huta. Za a yi mata aiki a Indiya bayan Salla. Dangi sun haɗa abin da zai kai mutum biyu, kuma mace ce za ta kwana da ita a ɗakin mata. An ce asibitin yana da tafinta mai jin Larabci, amma leƙowa yake ya wuce. Sauran yini ita kaɗai ce tsakanin 'yarta da masu fararen kaya.

Mista Tabi ya dube ni ya ce, "Wannan taka ce. Kai ka san yadda suke magana."

Ban taɓa samun ɗaliba mai kai irin nata ba. Mace ce da ta yi shekaru tana riƙe da farashin kaya ɗari a ka. Na fito da buhu, kafin sati ya zagayo ta san cokali, ta san kwalba, ta san safe da yamma, kafin abinci da bayan abinci, zafi, jini, numfashi. Ina yi mata magana irin ta Indiyawa, da sauri, ina kaɗa kai, tana kamawa.

Matsala ɗaya ce, kuma ta fi duk abin da ta iya girma. Duk abin da na faɗa, Hajje sai ta sunkuyar da kai ta ce yes. Ta gane, yes. Ba ta gane ba, yes. Na gwada ta. Na ce da Ingilishi, "Hajje, yau Juma'a ce?" Ta ce yes. Na ce, "Yau Talata ce?" Ta ce yes. Na ɗaga kwalba na ce, "In ba Zara duka ta shanye?" Ta ce yes, da ladabinta.

Na ajiye kwalbar na ce mata da Hausa, "Hajje, kin san abin da kika yarda da shi yanzu?"

Ta ce, "Mushe ai ba zai faɗi abin da ba daidai ba."

Na ce, "In ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba."

Ta ce, "To, Mushe." Washegari ta dawo da yes ɗinta.

Na koya mata kalmomin, ba su da yawa: tsaya, ban gane ba, sake faɗa a hankali. Tana iya faɗarsu tsaf in karatu ne. Amma ta dubi idon malami ta jefa masa su, wannan ba ta iyawa. An rene ta a kan cewa malami da likita da mai sarauta ba a mayar musu da magana. Na kai ƙara wurin Mista Tabi. Ya ce, "Ba harshe ne ya rage mata ba. Ka nemo abin da ya rage." Azumi ya ƙarato, tafiya ta matso.

Wata safiya da ajin mata, su huɗu, muka fita yawo. A bakin titi na tsaya na ce da Ingilishi, da sauri, "Yau Gassi za mu. Wa zai bi ni a ƙasa, ba mota?" Ukun suka sa na maimaita, suka ji, suka ce Allah ya kiyaye, suka koma. Na juya wurin Hajje. Ta ce yes.

Na sayi ruwan leda na sa a aljihu, na shige gaba. Tana biye. Motocin Gassi suna wucewa, yaran mota suna buga ƙofa suna kira, tana kallonsu tana kallona. Na ci gaba da tafiya. Rana ta fara ɗagawa. Na ji takunta ya canza, takalmin yana jan ƙasa. Na rage sauri amma ban tsaya ba. Na yi niyyar in mun kai shagon Usman a Shagwa, ko ta yi magana ko ba ta yi ba, zan tare mata mota. Muka wuce shataletale, laffayarta ta jiƙe a baya, har yanzu ba ta ce uffan ba. A wurin matar nan, gara ta bi ni har Gassi ta faɗi a hanya, da ta tambayi malami ina za shi.

Usman yana tsugune yana walda ƙofa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gan ni, ya ƙwala mini kira yadda ya saba: "Kai, Bahaɗeje! Yau kuma ina ka nufa da bayin Allah?"

Ya kawo benci ƙarƙashin bishiya, ya aika aka sayo karkanji mai sanyi, wato zoɓo. Hajje ta zauna ta sha rabi. Sai ta sauke kofin a hankali.

"Wa ya kira Bahaɗeje?"

Na ce, "Ni."

"Kai ba ɗan Baga ba ne?"

"Kifi ya kai ni."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Ku yara wataƙila ba ku damu da wannan ba, amma tsakanin Katsinawa da Haɗejawa akwai wasa tun na kakanni. Ba kunya, ba girma, kowa bawan kowa. Mutanenta sun bar Katsina tun kafin a haifi uwarta, amma wannan sun taho da shi.

Ta ce, "La'ilaha illallahu. Wato duk ranar nan bawan gidanmu ne yake jana a titi kamar akuyar Salla? Ni ina ta Mushe, Mushe, har da sunkuyar da kai?"

Na ce, "Hajje, ke kika ce yes."

"Na ce yes a kan me?"

"Na tambaye ki ko za ki Gassi a ƙasa."

"To wa ya ji abin da ka ce? Kana magana kamar ka cika baki da kifi mai zafi!"

"Me ya hana ki faɗa?"

"A ce wa malami ba a gane ba? Ba a yi a gidanmu."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina malamin yake? Tashi ka tare mini mota, ɗan masunta."

Usman ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban tashi ba. Na faɗa mata wata magana da Ingilishi, doguwa, da gudu. Ta ɗaga mini tafin hannu kamar ɗan sanda, ta ce da Ingilishi, da ƙarfi har yaran shago suka juyo: tsaya, ban gane ba, sake faɗa a hankali. Na sake. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Sannan ta ce no.

Ba ni na shirya wannan ba, kada in ci kuɗin da ba nawa ba. Ni tafiyar kawai na shirya, kuma ita kaɗai da ba ta yi aiki ba.

Daga ranar aji ya zama fagen faɗa. Ba na gama jimla sai ta tsayar da ni. Amma da muka aro farar riga a wani kantin magani muka sa wa Mista Tabi, ya shigo yana magana kamar likita, sai kanta ya koma ƙasa, yes ya dawo. Na ce, "Hajje, ba ki sani ba? Kakar Mista Tabi daga Haɗeja take. Likitocin Indiya kuwa duk namu ne, can muka tura su karatu."

Ta ce, "Shi ya sa ba a gane maganarsu." Ta juya ta ɗaga wa Mista Tabi hannu. Muka yi ta yi har cikin azumi, shi yana shigowa da farar riga, ita tana tare shi. Bayan Salla suka tashi.

Sun daɗe. Sai da ruwan sama ya ɗauke, wata safiya ina jera kayan buhuna, na ji ana cewa daga ƙofa, "Ina bawan nan?" Hajje ce, ta rame, da ƙullin turare a hannu. A bayanta wata yarinya doguwa, ta shigo da ƙafarta, ba mai riƙe da ita. Zara ke nan. Ranar na fara ganinta.

Hajje ta zauna ta ba ni labari. Ana saura kwana kaɗan aiki, babban likita ya shigo da ayarinsa, tafinta ba ya nan. Zara tana kwance ba ƙarfi. Ya tsaya a kan Hajje ya zubo magana, ya ƙare da tambaya, yana kaɗa kai, ƙafarsa ɗaya ta riga ta nufi ƙofa. A cikin duk abin da ya faɗa kalma uku ta kama: saniya, ƙarfe, jariri.

"Wallahi yes ɗin ya zo mini har nan," ta nuna maƙogwaronta. "Sai na dubi gashin bakinsa na ce, wannan ai Bahaɗeje ne sak."

Ta ɗaga masa hannu. Likitan ya tsaya. Ya sake faɗa. Ta ce ya faɗa a hankali. Ya ja kujera ya zauna, ya zana mata a tafin hannunsa. Ta gane cewa maganar ta fi Ingilishinta, ta ce no, a kira tafinta, kuma a ta da Zara zaune. Aka jira har ya zo.

Ashe ƙofar zuciyar da za a canza iri biyu ce. Akwai wadda ake yi da naman saniya. Da ita mace tana iya ɗaukar ciki, amma tana tsufa, bayan wasu shekaru sai an sake buɗe ƙirji. Akwai ta ƙarfe, tana daɗewa, amma da shan magani har abada, ciki kuma ya zama haɗari babba. Ta ƙarfen har ƙara take yi kamar agogo. Likitan ya ga amarya ba ɗa, ya yanke cewa ta saniya za su so. Tambayar da ya yi ke nan.

"Ni ma ita nake so," in ji Hajje. "Ba ni da jika ta wurinta. Da na ce yes, da an yi abin da raina ke so. Amma ƙirjin ba nawa ba ne."

Na ce, "To wacce aka sa?"

Ta ce, "Ina ruwan Bahaɗeje da sirrin gidan iyayen gijinsa?" Ta tashi ta shiga ɗaya ɗakin kai wa Mista Tabi turarensa.

Aka bar ni da Zara. Wuta ta ɗauke, sabuwar fankarmu ta tsaya. Na yi abin da aka koya mini, na rufe baki. A cikin shirun na ji shi, ƙaramin sauti daga ƙarƙashin laffayarta, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ba ya sauri ba ya fashi.

Ta ga na ji. Ta sa hannu a ƙirji ta yi murmushi.

"Ni na zaɓa, Mushe. Tun ina yarinya nake kwance, ba na so a sake yanka ni. Inna ta sa likitan ya faɗa har na gane, sannan ta juya baya ta fuskanci bango don kada in ga fuskarta in canza ra'ayi."